Wane ne Jerry Zaks, kuma mene ne aikin darakta a wasan ban dariya?

Wata ɗalibar sashen wasan kwaikwayo ce ta aiko da tambaya. An ba su aikin rubutu kan wani daraktan dandamali na wannan zamani da ya yi suna a barkwanci, malaminsu ya ambaci Jerry Zaks, ita kuma ta rasa ta inda za ta kama. Abin da ya fi ɗaure mata kai, in ji ta, shi ne yadda za a ce darakta ya shahara da ban dariya, alhali marubuci ne ya rubuta maganar, ɗan wasa ne ya faɗe ta, shi kuwa darakta ko fuskarsa ba a gani.

Ƙanwata, malaminku bai yi miki mugun zaɓi ba. In ana neman mutum ɗaya da za a nuna wa ɗalibi don ya gane cewa dariyar 'yan kallo aiki ce da ake zama a ƙera, da wuya a tsallake Zaks. Bari in ba ki tarihinsa da amsar tambayarki a haɗe, domin a cikin wasanninsa amsar take.

An haife shi ranar 7 ga Satumba, 1946, a birnin Stuttgart na Jamus. Iyayensa Yahudawan Poland ne da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1948, ya tashi a jihar New Jersey inda mahaifinsa yake sana'ar fawa. Iyayen da suka ga irin abin da suka gani ba dandamali suke hango wa ɗansu ba, kuma shi ma da niyyar karatun likita ya shiga Kwalejin Dartmouth. A can ya kalli wani wasa mai waƙa da rawa da ɗalibai suka shirya, abin ya shige shi, daga nan hanya ta karkace. Ya gama Dartmouth a 1967, ya yi digiri na biyu a fannin wasan kwaikwayo a Kwalejin Smith a 1969, ya nufi New York.

Ki riƙe wannan da kyau: kusan shekara goma ya yi yana ɗan wasa kafin ya zama darakta. Ya fito a matsayin Kenickie a wasan Grease a farkon shekarun 1970, ya kuma fito a Tintypes a 1980. Mutumin da ya tsaya a gaban mutum dubu ya saki maganar da yake sa ran za a sheƙe da dariya, zaure ya yi tsit, ya san wani abu a jikinsa da mai karatu kawai bai sani ba. Ya san tsoron da ke sa ɗan wasa ya fara yatsine fuska da zare ido yana roƙon dariya. Rabin aikin Zaks daga baya hana 'yan wasa wannan roƙo ne.

Ya fara ba da umarni a ƙananan gidajen wasa na New York. A can suna da rabe-rabe: gidan da ake kira na Broadway shi ne mai kujera 500 zuwa sama, kuma gidajen ba su wuce 40 da ɗoriya ba, kusan duk a tsakiyar Manhattan, masu kujera 100 zuwa 499 su ne na bayan Broadway, inda tikiti ya fi araha, marubuta suka fi samun sakewa. A irin waɗannan ya haɗu da Christopher Durang, marubuci mai baƙin barkwanci, irin wanda kana dariya kana jin kunyar kanka. A 1979 ya shirya masa wasan Sister Mary Ignatius Explains It All for You, labarin wata malamar makarantar Katolika mai tsananin ra'ayi, wasan da ya jawo fushin wasu ƙungiyoyin addini a garuruwan da aka kai shi. A 1981 ya shirya masa Beyond Therapy, da Sigourney Weaver a ciki. Da aka ɗaga wasan zuwa Broadway a shekarar da ta biyo, wani darakta aka ba, ba shi ba. Wasan bai yi ko wata guda ba ya rufe.

Inda zan so ki fara tsayawa shi ne The Foreigner na Larry Shue, wanda Zaks ya shirya a 1984, aka yi shi sau 686. Wani Bature ɗan Ingila ne mai suna Charlie, mai tsananin kunya, wanda magana da mutane take firgita shi. Abokinsa ya kai shi wani masauki a ƙauyen jihar Georgia, don ya raba shi da surutu sai ya ce wa mutanen gidan baƙon nan daga wata ƙasa mai nisa yake, ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Sai abin ya juye. Tunda ba ya ji, kowa sai ya zo gabansa ya zazzage sirrinsa, har da masu ƙulla mugunta. Akwai fitowar karin kumallo, inda Charlie yake zaune da wani yaro da kowa ya raina wa hankali. Ba mai cewa uffan. Yaron ya ɗauki cokali, Charlie ya ɗauka. Ya ɗaga kofi, Charlie ya ɗaga. A hankali har kowannensu ya kife kofi a kansa, sai ga uwar masauki ta shigo, ta ga baƙo da kofi a ka, ta ɗauka al'adar ƙasarsu ce, ta hau yaron da faɗa don yana kwaikwayonsa.

To ki duba. A takarda wannan fitowa 'yan layuka ne na bayani. Wa zai ce daƙiƙa nawa za su yi suna kallon juna kafin hannun farko ya motsa? Wa zai ce yaron ne zai fara gane wasa ake yi ko Charlie? Ta wace ƙofa matar za ta shigo, har 'yan kallo su gan ta kafin mutanen biyu su gan ta? In ta shigo da wuri, kofin bai hau kai ba. In ta makara, dariyar farko ta huce, ta biyun ba ta da abin hawa. Marubuci ba ya nan, 'yan wasa kuma ba sa ganin kansu daga waje. Mutum ɗaya ne yake zaune a kujerar 'yan kallo tun kafin a sami 'yan kallo, yana gani a madadinsu. Aikin da kike tambaya a kai ke nan. Wannan wasa da wani na Durang, The Marriage of Bette and Boo, su suka ba shi lambar Obie a 1985, wadda ake bayarwa a ƙananan gidaje.

Daga nan sai shekarun da, a ganina, su ne ainihin Zaks: 1986 zuwa 1992. Ya zama daraktan gida a Lincoln Center, lokacin da Gregory Mosher da Bernard Gersten suke ƙoƙarin farfaɗo da gidan wasan bayan ya daɗe yana tangal-tangal. A cikin waɗannan shekaru ya ci lambar Tony sau huɗu, wadda ita ce ƙololuwar yabo a Broadway: a 1986, 1989, 1991 da 1992.

Ta farkon ta zo ne da The House of Blue Leaves na John Guare, kuma shi ne wasan da nake nuna wa duk wanda yake zaton daraktan barkwanci mai sauƙin kai ne. Artie ma'aikacin gidan namun daji ne a unguwar Queens, yana mafarkin zama marubucin waƙoƙi a Hollywood, waƙoƙin nasa kuwa ba su da daɗi. Matarsa tana da taɓin hankali. Yana da farka a ƙasan bene mai zuga shi ya kai matar asibiti su gudu. Ɗansa ya gudo daga soja da bam, yana so ya tashi Fafaroma, domin ranar ce Fafaroma Paul na Shida ya ziyarci New York a 1965. Ga wasu mata masu hidimar coci sun faɗo ta taga suna neman talabijin. Ana ta dariya har da riƙe ciki. A minti na ƙarshe Artie ya sumbaci matarsa, ya shaƙe ta har lahira. Idan darakta ya bi dariya kawai, ƙarshen zai faɗo kamar daga wani wasan daban, mutane su fita suna jin an yaudare su. Idan ya bi baƙin cikin tun farko, ba mai dariya, kuma ƙarshen ba zai girgiza kowa ba tunda an hango shi. Zaks ya sa kowane ɗan wasa ya ɗauki buƙatar wanda yake fitowa a matsayinsa da gaske, har ta kai dariyar da kukan daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. John Mahoney da Swoosie Kurtz, wato Artie da matarsa, duk sun ci Tony a wannan shiri, kuma a cikinsa wani saurayi mai suna Ben Stiller ya fito a matsayin ɗan.

Wannan ita ce aƙidarsa da ya sha maimaitawa a hirarraki: wanda yake cikin labarin ban dariya bai san a labarin ban dariya yake ba. Shi a wurinsa batun rai da mutuwa ne. Yana son wani abu daga wurin wani, yana so yanzu, kuma in bai samu ba ya shiga uku. Mu da muke zaune a waje muke ganin wautar.

Babu inda za ki ga haka ƙarara kamar Lend Me a Tenor na Ken Ludwig, wanda ya shirya a 1989. Wannan irin wasan ne na rufa-rufa da guje-guje, wanda ƙarya ɗaya take haifar goma. A wani otal ne a Cleveland, shekarar 1934. An gayyato wani shahararren mawaƙin opera (wasan da ake rera dukkan maganarsa da waƙa) ɗan Italiya, Tito, an sayar da tikiti kaf. Tito ya yi faɗa da matarsa, ta rubuta masa takardar sallama ta fice. Shi kuma ya sha maganin barci ninki biyu bisa kuskure, ya sheme. Manajan kamfanin da ya gayyato shi ya shigo ya ga mutum ba motsi, ga takarda mai kama da wasiyya, ya ce ya mutu. Maimakon ya mayar wa mutane kuɗinsu, sai ya tilasta wa yaronsa Max, wani matsoraci, ya sa kayan Tito ya hau dandamali. Max ya je ya yi abin a zo a gani. Sai Tito ya farka, ya sa irin kayan, ya fita. Yanzu ga mutum biyu iri ɗaya suna shiga da fita ta ƙofofin ɗaki biyu da 'yan kallo suke gani a lokaci guda, mata suna bin wannan suna zaton wancan ne.

Irin wannan wasa lissafi ne tsantsa. Wannan ƙofar tana rufuwa waccan tana buɗuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba. In ta yi tsawo, mai kallo ya samu sararin tunani, ya ce ai da sun haɗu asiri ya tonu, me ya hana? In suka zo tare, ido bai san inda zai kalla ba. Kuma duk gudun nan ba ya aiki sai manajan ya kasance da gaske yake cikin tashin hankali. Philip Bosco, wanda ya yi manajan, Tony ya ci a kan mutumin da bai yi murmushi don ya ba kowa dariya ba. Gumi yake, yana ganin mutuncinsa da dukiyarsa suna zubewa. A ƙarshen wasan, wajen gaisuwar 'yan kallo, 'yan wasan kan maimaita labarin gaba ɗaya ba magana cikin ƙasa da minti biyu, wanda hakan kansa nuna ƙwanji ne, kamar a ce ku ga injin da muka ɗaure. Wani abu da ya kamata ki sa a rubutunki: a asalin wasan Otello ake rerawa, opera ce da jaruminta baƙar fata ne, don haka mutanen biyu baƙi suke shafawa a fuska, shi ya sa ba a bambance su. Wannan al'ada ce mai mugun tarihi na wulaƙanta baƙar fata a Amurka, kuma daga baya marubucin ya sake wasan, ya mai da shi kwalliyar ɗan kama ta opera Pagliacci. A 1989 an yi ta dariya ba tare da yawancin masu sharhi sun ɗaga gira ba. Abin dariya yana tsufa, wani ma yakan ruɓe.

Yanzu bari in shiga abin da ake yi a ɗakin gwaji, tunda shi ne ba a rubutawa a littattafan tarihi.

Kowace maganar ban dariya tana da shimfiɗa tana da faɗuwa. Ɗalibai faɗuwar suke kula da ita, darakta kuwa shimfiɗar. Idan layi bai kawo dariya ba, sau da yawa laifin ba a layin yake ba, yana can layi uku ko shafi guda a baya, inda wani ya haɗiye kalmar da ya kamata a ji, ko ya faɗe ta yana juya baya. Sai kuma batun ido. Idon mutum motsi yake bi. In ɗan wasa yana sakin maganarsa wani a gefe ya gyara hula ko ya ɗaga kofi, an sace rabin zauren, dariyar ta mutu, kuma mai hular zai rantse bai yi komai ba. Darakta ne zai ce kowa ya daskare har sai kalmar ƙarshe ta fita. Shi zai roƙi marubuci a juya jimla don kalmar da ke ɗauke da dariyar ta koma ƙarshe, domin in tana tsakiya, dariya za ta danne sauran jimlar. Shi zai ce a ƙara haske, saboda ba a dariya da fuskar da ba a gani sosai.

Sai jiran dariya, wanda ya fi komai wuyar koyarwa. 'Yan kallo a wasan barkwanci kamar 'yan amshi suke a waƙa: jagora yana ba su gurbinsu, amma ba ya bari amshin ya mutu kafin ya ɗora. In ɗan wasa ya ci gaba da magana dariya tana tashi, mutane za su yi shiru don kada su rasa abin da ake faɗi, kuma in aka yi musu haka sau biyu sau uku, sun koyi cewa ba a so su yi dariya, shi ke nan an rasa su har a tashi. In ya jira ta ƙare ƙurmus, wasan ya yi sanyi, sai an sake hura wuta. Wurin shiga shi ne daidai lokacin da ta kai ƙololuwa ta fara gangarowa. Kuma yayin jiran ba tsayawa zai yi kamar gunki ba. Yana nan cikin halin da yake, yana tunani, yana huci, yana neman abin faɗi.

Ba a iya gwada wannan a ɗaki ba kowa. Shi ya sa a Broadway, bayan makonnin gwaji, ake yin wasu makonni ana nuna wasan ga masu sayen tikiti kafin ranar buɗewa ta hukuma da masu sharhi suke yanke hukunci. Da dare a yi wasa, darakta yana can baya da takarda yana sauraron zauren, inda aka yi dariya, inda aka yi tari, inda kujeru suka fara ƙara. Da rana a dawo a yanke, a gyara, a sake. Zaks ya yi suna a wannan mataki, kuma ba shi da sanya a cikinsa. Lokacin Guys and Dolls na 1992, ana cikin waɗannan makonni aka sauya 'yar wasan da take riƙe da ɗaya daga manyan matsayi biyu na mata. Ba abu ne mai daɗi ba, amma an yi wasan sau 1,143, ya ba shi Tony ta huɗu, ya kuma ɗaga Nathan Lane da Faith Prince zuwa sahun gaba. An san shi da wasu ƙa'idoji na ɗakin gwaji: ba ya son baƙi su zauna kallo, kuma ba ya yarda ɗan wasa ya gyara wa ɗan'uwansa, mai ƙorafi ya kawo wa darakta. Wanda bai taɓa shirya wasa ba zai ce mulkin mallaka ne. Ni da na ga yadda ɗalibi ɗaya mai baki yake mai da sauran abokan wasansa tsuru-tsuru da "ba haka ake yi ba", na san amfaninta. Ba mai iya gwada abin wauta a gaban wanda yake jiran ya yi masa dariyar raini, kuma barkwanci ba ya samuwa sai an gwada wauta goma an zubar da tara.

Na tsallake Six Degrees of Separation, shi ma na Guare, wanda aka fara a 1990. An gina shi kan abin da ya faru da gaske: wani saurayi baƙar fata ya riƙa shiga gidajen attajiran New York yana cewa shi ɗan shahararren ɗan fim Sidney Poitier ne, suna karɓarsa hannu bibbiyu. Guare ya rubuta cewa abin da ya sani kawai game da wasan shi ne dole ya yi gudu kamar iska. Zaks da mai tsara dandamali Tony Walton suka kwashe kusan komai, suka bar kujerun zama biyu da zane guda yana rataye a sama, aka yi wasan cikin kusan minti 90 ba hutu. Ba a jan labule a sauya ɗaki. Mutum ya juyo ya yi wa 'yan kallo magana, ya juya, an koma wani dare a wani gida. Saurin nan shi ya sa attajiran suka zama abin dariya, domin bakinsu ya riga tunaninsu, kuma shi ya sa lokacin da Stockard Channing, wadda ta fito a matsayin matar attajirin, ta tsaya cak a kusa da ƙarshe, tsayuwar ta yi nauyi.

Bayan 1992 labarin ya zama na babban ɗan kasuwa mai gwaninta. Ya sake aiki da Nathan Lane a wasan Neil Simon na 1993 da kuma A Funny Thing Happened on the Way to the Forum a 1996, wanda aka ɗebo daga barkwancin Plautus na tsohuwar Rum. Smokey Joe's Cafe na 1995, jerin waƙoƙi ne ba labari, an yi shi sau 2,036. Ya taɓa fim: Marvin's Room na 1996, da Meryl Streep da Diane Keaton da Leonardo DiCaprio. Ya shirya wasu sassa na wasannin talabijin irin su Frasier da Everybody Loves Raymond. Ya kuma sha ƙasa: The Civil War na 1999 bai yi wata uku ba.

A wannan zango ne ya zama wanda ake kira in wasa ya kwanta ciwo. Furodusoshi sun zuba miliyoyin daloli, an gwada a wani gari an ga ba ya tafiya, sai a ɗauko wani daga waje ya duba, wani lokacin ko sunansa ba a sawa a matsayin darakta. An kira shi kan The Capeman na Paul Simon a 1998, bai iya ceto shi ba, ya rufe bayan nuni 68. An kira shi kan The Addams Family bayan gwajin Chicago a ƙarshen 2009. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca a New York, amma an yi shi sama da sau 700. Wannan aiki yana nuna miki abin da masu kuɗi suka yarda ya iya: ya zauna ya kalli wasa ya ce a nan labarin ya ɓace, ba mu san abin da yarinyar nan take so ba, wannan waƙar tana tsayar da tafiya, a cire.

A nan kuma sukar da ake yi masa take, kuma kada ki ɓoye ta. Zaks ba ya cikin daraktocin da suke ɗaukar tsohon wasa su juye shi a ga wani abu sabo a ciki. Yana goge shi ne ya yi ƙyalli, ya ƙara masa sauri, ya tabbatar kowace dariya ta fito. Masu sukarsa suna cewa wani lokacin har ya wuce gona da iri, komai da ƙarfi, komai da haske, ba a bar wa mai kallo abin da zai gano da kansa ba. Da ya shirya The Music Man a 2022 da Hugh Jackman da Sutton Foster, kuɗi sun shigo kamar ruwa, amma masu sharhi da yawa sun ce an yi wasan lami lafiya ba tare da an taɓa duhun da ke cikin labarin ɗan damfara ba. Mrs. Doubtfire kuwa annobar korona ce ta fara karya shi: an yi nuni uku kacal aka rufe Broadway a Maris 2020, ya buɗe a Disamba 2021, ya rufe a Mayu 2022, sai a Landan ya samu ya miƙe. Ni ina ganin sukar tana da gaskiya a kan ayyukansa na baya-bayan nan. Mutumin da ya haɗa dariya da kisan kai a 1986 ya fi ban sha'awa a kan wanda ake ba tauraro da tsohon wasa a ce ya kai su gaci lafiya.

Sai dai ko a wannan zango akwai abin da ba kowa zai iya ba. A Hello, Dolly! na 2017, yana da shekara 70, akwai wurin da aka yi rikici a gidan cin abinci, aka kwashe kowa zuwa gaban alƙali. Bette Midler, wadda ta fito a matsayin Dolly, tana nan zaune a teburinta a gefe, tana cin abinci. Kotu ta zauna, kowa ya zuba mata ido, ita ko a jikinta. Ta ci, ta tauna, ta ƙara, ta ɗaga kwanon romo ta kurɓa. Ba kalma ko ɗaya, minti yana bin minti, zauren yana ta birgima. Darakta mai tsoro zai yanke wannan a daƙiƙa 20, ya ce kada a gaji. Wanda aka sani da gudu shi ne ya bar wasa mai mutum da yawa da ƙungiyar makaɗa ya tsaya cik don mace ɗaya ta gama cin abinci, kuma abin da ya riƙe fitowar shi ne fuskokin sauran, waɗanda aka hana su ko murmushi. Shirin ya ci Tony huɗu, har da na Midler. Shi kansa an sa shi a jerin 'yan takara bai ci ba. Tun 2013 dai an riga an shigar da shi zauren girmamawa na gwanayen wasan kwaikwayon Amurka.

Game da rubutun naki, kada ki cika shi da jerin sunayen wasanni da shekaru. Malaminku zai iya samun wannan a ko'ina. Wasan dandamali ba ya ajiyuwa, amma an ɗauki The House of Blue Leaves don talabijin a 1987, an kuma watsa The Man Who Came to Dinner da ya shirya da Nathan Lane a 2000, kuma ana cin karo da guntayensu a intanet. Ki zaɓi fitowa ɗaya ki kalle ta sau biyu, na biyun ki kashe sauti ki bi waɗanda ba su ne suke magana ba: ina suke kallo, yaushe suka motsa, yaushe suka daskare. In kuma kin samu rubutun Lend Me a Tenor a laburarenku, ki zana ɗakunan biyu da ƙofofinsu a takarda, ki bi kashi na biyu da fensir kina sa alamar inda kowane mutum yake a kowane shafi, da abin da ya sani da abin da bai sani ba. Sannan ki tara abokanki huɗu ku tashi fitowa guda a aji, ku yi ta sau ɗaya kowa yana ƙoƙarin ba da dariya, ku sake ta kowa hankalinsa a tashe kamar gobe za a kore shi daga aiki, ki rubuta wadda 'yan ajin suka fi yi wa dariya da kuma a wane layi.